Dokta Lapesoni: Likitan da ya shata iyakar ƙasar sanƙarau

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Garwa zuwa Mubi, ko Marwa zuwa Banki, ya san abin da ke biyo bayan hunturu. Da zarar ƙura ta turnuƙe, hanci ya bushe, zafin bazara ya kunno kai, sai a fara jin labarin sanƙarau. To, mutumin da ya fara zaunawa ya auna wannan al'amari a kan taswira shi ne wani likitan sojan Faransa mai suna Léon Lapeyssonnie, ana furta sunan Lapesoni.

An haife shi a birnin Montpellier da ke kudancin Faransa a 1915. Ya yi karatun likita a ƙarƙashin rundunar soja, kuma a shekarun 1940 aka turo shi ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso domin yaƙi da ciwon barci. Ba za mu ɓoye ba, a inuwar mulkin mallaka ya zo. Amma ya shiga daji ƙauye-ƙauye, ya ga abin da likitocin birni ba su gani ba.

A 1963 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga dogon rahotonsa kan sanƙarau. A ciki ya nuna cewa annobar tana da gida: wani zirin ƙasa a kudu da Sahara, inda ruwan sama ke kamawa daga milimita 300 zuwa 1,100 a shekara. Arewacin Kamaru na ciki, haka arewacin Najeriya da Nijar da Chadi. Cutar na tashi da rani, ta lafa da faɗuwar ruwan farko, sannan bayan wasu shekaru ta dawo da ƙarfi. Babu ruwanta da shingen kwastan.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin yawancinmu sanƙarewar wuya kawai muka sani. Ƙwayar cutar tana da wata fuska da ta fi wannan saurin kisa, wato idan ta yaɗu cikin jini. Kowace jijiyar jini tana da wata siririyar shimfiɗa a cikinta, mai santsi, wadda ke hana jini tsiyaya da daskarewa. Gubar da ƙwayar ke fitarwa ita ke lalata wannan shimfiɗa. Sai ruwan jini ya riƙa zurarewa kamar daga tulun da ya tsage, bugun jini ya faɗi, ƙananan jijiyoyi su toshe da gudaji, hannu da ƙafa su yi sanyi alhali jiki na zafi. Daga nan sai ɗige-ɗige ja ko shuɗi-shuɗi su fito a fata, waɗanda ba sa gushewa ko an danna su da kofin gilashi. A baƙar fata an fi ganinsu a tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido. Yaron da ya karya kumallo lafiya yana iya cikawa kafin asuba, wuyansa ma bai sanƙare ba. Abin da ke ceton jijiyoyin shi ne allurar kashe ƙwayar cuta da ƙarin ruwa a asibiti cikin sa'o'in farko. Tsayawa sayen ƙwayar zazzaɓi a tebur ɓata lokaci ne.

Wannan gaggawa ita ta dami Lapesoni. Ya ga ƙauye ba shi da gadon kwantar da majiyyaci na mako guda, don haka ya dage a kan maganin da za a yi allurarsa sau ɗaya tak, wanda ma'aikacin jinya zai iya yi a gindin bishiya. Da ƙwayar ta fara bijire wa maganin, sai ya karkata ga rigakafi, ya jawo hankalin Charles Mérieux, mai kamfanin allurai a Lyon. Allurar da kamfanin ya haɗa ita aka yi wa miliyoyin mutane a Brazil a 1975.

Amma waccan allura ba ta daɗewa a jiki, kuma ba ta kare jarirai sosai. Shi ya sa a 1996 sanƙarau ya kama mutane kimanin 250,000 a Afirka, ya kashe kimanin 25,000. Lapesoni na raye ya ga wannan. Ya rasu a 2001, shekara tara kafin a fara amfani da MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar. A ƙarshen 2011 allurar ta iso jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa, aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Nau'in A ya kusan ɓacewa tun daga nan, sai dai nau'in C da W sun ci gaba da ɓulla, kuma a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar.

A ƙarshen rayuwarsa ya koma rubuce-rubuce. Cikin littattafansa akwai wanda ya yi a kan Dokta Jamot, likitan ciwon barci, wanda har yau wani asibiti a Yawunde ke ɗauke da sunansa.