Al-Biruni, Malamin Da Ya Auna Zinare Da Ruwa

'Yar uwa, duk ranar da kika jefa ƙwai a ruwa don ki gane mai kyau, kin taɓa ilimin da Abu Raihan Al-Biruni ya yi zurfi a cikinsa. Sabon ƙwai nutsewa yake, tsoho kuwa ya taso, don iska ta yi masa yawa a ciki. Ba zancen nauyi kaɗai ba ne fa. Kwalekwale maƙare da buhuna yana haye gulbin Zamfara a Jega, alhali 'yar tsakuwa sai ƙasa. Duk abin da ya fi ruwa mai girmansa nauyi, shi ke nutsewa.

An haifi malamin a shekarar 973 a yankin Khwarizm, cikin Uzbekistan ta yau. A 1017 Sarki Mahmud ya ci ƙasarsu da yaƙi, ya tafi da shi Ghazna. Rabuwa da gida ba ta raba shi da bincike ba.

Ya ƙera wata 'yar buta mai bututu. Sai ya cika ta, ya saka zinaren da ya riga ya auna, sannan ya auna ruwan da ya malalo. Ya tarar zinare ya ninka ruwa nauyi sau 19, azurfa wajen sau 10. Tagulla kuwa ba ta kai sau 9 ba. Ke nan awarwaron da aka gauraya da tagulla, komai ƙyallinsa cikin lefe, zai malalar da ruwa fiye da zinare zalla mai nauyinsa, asirin maƙeri ya tonu.

Ya rasu a Ghazna wajajen 1050. Allah Ya jiƙansa.