Charles Melville Scammon

Charles Melville Scammon (an haife shi ranar 28 ga watan Mayu, 1825, ya mutu ranar 2 ga watan Mayu, 1911) kyaftin ɗin jirgin ruwa ne ɗan ƙasar Amurka, mafaraucin wel, kuma masanin dabbobin teku. Shi ne ya buɗe wa jiragen farauta hanyar shiga tafkunan gaɓar tekun Baja Kalifoniya a ƙasar Meziko, inda wel mai ruwan toka ke zuwa haihuwa, abin da ya kusa ƙarar da irin wannan dabba. Shi ne kuma ya rubuta littafin da masana suka daɗe suna dogara da shi wajen sanin halayenta. A yau tafkunan da ya yi farauta a cikinsu suna daga cikin shahararrun wuraren kallon wel a duniya.

Farkon rayuwa

An haifi Scammon a garin Pittston da ke jihar Maine, a arewa maso gabashin Amurka, yankin da ya shahara da ƙera jiragen ruwa. 'Yan'uwansa sun yi fice a wasu fannoni: Jonathan Young Scammon ya zama lauya kuma ma'aikacin banki a Chicago, Eliakim Scammon kuwa ya kai muƙamin janar a yaƙin basasar Amurka. Shi Charles teku ya zaɓa tun yana matashi, har ya kai matsayin kyaftin a jiragen kasuwanci. A shekarar 1850 ya isa San Faransisko, lokacin da jama'a ke tururuwa zuwa Kalifoniya neman zinariya. A shekarar 1852 aka ba shi jagorancin jirgin Mary Helen, wanda ke farautar dabbobin teku masu kitse a gaɓar Kalifoniya.

Dabbar da ya farauta

Wel babbar dabbar teku ce. Mutane kan kira ta kifi saboda siffarta, amma ba kifi ba ce: tana shaƙar iska ta ƙofar hanci da ke saman kanta, tana haihuwa, tana kuma shayar da ɗanta nono. A wancan zamani, kafin kananzir ya wadata, da man da ake narkarwa daga kitsenta ake kunna fitilu, ake kuma shafa wa injuna.

Wel mai ruwan toka yakan kai tsawon mita 12 zuwa 15, nauyinsa kuma yakan kusanci tan 40. Da bazara yana kiwo a tekun Bering da tekun Chukchi, tsakanin Alaska da Rasha, inda yake tsotsar ƙananan halittu daga laka a ƙasan ruwa. Idan sanyi ya shigo sai ya bi gaɓa ya gangara kudu zuwa Meziko. Tafiyar zuwa da dawowa takan kai kilomita 16,000 ko fiye. Mata masu ciki suna shiga tafkuna marasa zurfi, masu ɗumi da kwanciyar ruwa, su haifi jarirai masu tsawon mita 4 zuwa 5.

Shiga tafkin Ojo de Liebre

Scammon ya fara farautar wannan dabba a gaɓar Magdalena, inda mafarauta suka riga suka yi yawa. A watan Disamba na shekarar 1857 ya kai jirgin Boston, tare da ƙaramin jirgi mai suna Marin, bakin tafkin Ojo de Liebre, sunan da ke nufin idon zomo da harshen Sifaniyanci. Ƙofar tafkin cike take da tudun yashi da igiyar ruwa mai ƙarfi, shi ya sa manyan jirage ke gudunta. Da ya samu ya ƙetare, sai ya tarar da ruwan cike da uwaye da 'ya'yansu.

Farautar ba ta zo da sauƙi ba. A teku mai zurfi, wel da aka soka da mashi yakan nutse ya gudu. A cikin tafki kuwa babu wurin gudu, uwa kuma ba ta barin ɗanta. Sai ta juyo ta daki kwalekwale da kai ko da jela. An farfasa kwalekwalen Scammon, mutanensa da dama sun ji rauni. Saboda irin wannan faɗa ne mafarauta suka laƙaba wa dabbar sunan shaiɗanin kifi. Daga nan Scammon ya koma amfani da mashi mai nakiya, wanda ake harbawa da bindiga ya fashe a cikin jikin dabbar. A wannan kaka ya kashe wel kusan 20.

A sanyin 1858 zuwa 1859 ya dawo da jirgin Ocean Bird, ya kashe mata 47, ya tara gangar mai 1,700, wato kimanin lita 200,000. Labari bai ɓoyu ba, sauran jirage suka biyo sawunsa, har aka riƙa kiran wurin tafkin Scammon. A sanyin 1859 zuwa 1860 ya shiga tafkin San Ignacio da ke kudu, tare da wasu jirage. Da yake uwaye ake kashewa, jariransu ma ba sa rayuwa. Cikin 'yan shekaru tafkunan suka kusa zama fayau. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa an kashe wel mai ruwan toka kimanin 8,000 a wannan gaɓa tsakanin 1846 da 1874.

Aikin gwamnati

A lokacin yaƙin basasar Amurka Scammon ya bar farauta, ya shiga rundunar jiragen kwastan ta ƙasar, wadda daga baya ta zama ɓangare na rundunar tsaron gaɓar teku. Ya jagoranci jirgin Shubrick a San Faransisko. A shekarun 1865 da 1866 ya shugabanci jiragen kamfanin Western Union, wanda ya yi niyyar shimfiɗa wayar tangaraho daga Amurka zuwa Turai ta Alaska da Siberiya. An watsar da aikin bayan an yi nasarar shimfiɗa waya a ƙarƙashin tekun Atlantika a 1866. A wannan tafiya ya yi aiki da masanin halittu William Healey Dall, wanda ya sa wa wata gaɓa a Alaska sunan Scammon Bay. Scammon ya koma aikin kwastan har ya yi ritaya a 1895.

Rubuce-rubuce

Tun yana farauta Scammon ke da ɗabi'ar da ba kowane kyaftin ke da ita ba. Yakan auna dabbar da aka kashe, ya duba abin da ke cikinta, ya zana siffarta, ya rubuta lokacin zuwanta da tafiyarta. A 1869 masanin dabbobi Edward Drinker Cope ya shirya bayanansa aka buga a Philadelphia. Ya kuma rubuta maƙalu a mujallar Overland Monthly.

A 1874 ya fitar da littafinsa The Marine Mammals of the North-western Coast of North America a San Faransisko. Littafin ya bayyana nau'o'in wel da dolfin da sauran dabbobin teku masu shayarwa, da zane-zanensu, da tarihin sana'ar farautar wel a Amurka. Bai yi kasuwa ba a zamaninsa, amma masana sun riƙe shi, saboda marubucin ya ga dabbobin da rai a cikin ruwa, alhali yawancin masanan lokacin ƙasusuwa kawai suka gani a gidajen adana kayan tarihi. A ciki ya nuna cewa wel mai ruwan toka ya ragu ƙwarai, ya kuma yi hasashen cewa irinsa na iya ƙarewa. An sake buga littafin a 1968.

Mutuwa

Scammon ya mutu a Oakland, jihar Kalifoniya, yana da shekara 85. Ana ajiye da takardunsa da kundayen tafiye-tafiyensa a ɗakin karatu na Bancroft a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley.

Tafkunan bayansa

Hasashen Scammon bai tabbata ba. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1946 ta hana farautar wel mai ruwan toka don kasuwanci, adadinsa ya fara farfaɗowa. A 1950 aka ware wurin kallonsa daga tudu a Cabrillo da ke San Diego, a 1955 kuma aka fara ɗaukar mutane a jirgi su kalle shi kan dala ɗaya. Daga nan sana'ar kallon wel ta bazu, har a 2008 mutum miliyan 13 suka yi irin wannan fita a ƙasashe da yankuna 119.

Meziko ta ayyana Ojo de Liebre a matsayin mafakar wel a 1972, San Ignacio kuma a 1979. A 1993 hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya, a 1994 kuma Amurka ta cire dabbar daga jerin masu fuskantar ƙarewa. Daga watan Janairu zuwa Afrilu masuntan yankin kan ɗauki baƙi a ƙananan jirage masu inji. Sau da yawa uwa kan matso da ɗanta jikin jirgi har a shafa shi, ɗabi'ar da aka fara ba da labarinta a San Ignacio a 1972. Baƙi kan ga kwasakwasa da shaho mai kamun kifi da agwagin ruwa masu ƙaura, wasu kuma su wuce La Paz su kalli shak mafi girma a duniya, wanda ba ya cin mutum.

Har yanzu dabbar ba ta tsira gaba ɗaya ba. Adadinta ya kai kimanin 27,000 a 2016, amma daga 2019 aka riƙa tsintar gawarwakinta a gaɓa, da yawa a rame, har ya sauko zuwa kimanin 14,500 a 2023. Masana sun danganta hakan da sauyin yanayi da ƙarancin abinci a tekunan arewa inda take kiwo.