Shehu Magili Da Gyaran Zaman Birni

Mu 'yan Gaya mun saba alfahari da cewa Abagayawa, maƙeran da suka fara sauka a gindin Dala, daga ƙasarmu suka tashi. Amma sarar birni daban, gyara zamansa daban, kuma a wannan aiki na biyu ba a tsallake sunan Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Al-Magili.

An haife shi a Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yau, a ƙarni na 15, ya yi karatu wajen Shehu Abdurrahman Sa'alabi. Mutum ne mai zafi. A Tuwat ya sa aka rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit, matakin da alƙalin yankin da waɗansu malaman zamaninsa ba su goyi baya ba. Daga nan ya tsallako Sahara, ya iso Kano wajen 1492.

Ya tarar da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yana faɗaɗa ganuwa, ga Kasuwar Kurmi ta cika da fatake. Inda jama'a ta taru kuwa ba a rasa mashaya da masu tauye mudu da mai ƙarfi da ke danne marar gata. Magili bai tsaya ga wa'azi ba, sai ya ɗauki alƙalami. Ya rubuta wa sarki littafin Tajuddini mai babi takwas, da wata wasiƙa kan hanyoyin da shari'a ta ba mahukunta na hana ɓarna. Abin da ya fi nanatawa shi ne kada sarki ya ɓuya wa talakawansa: ya riƙa zama kullum inda mace da yaro da raunana za su iya kai kuka, ya kuma sa ido kan dukiyar ma'aikatansa. Ɗan Ajingin da ya taɓa yin sintiri a ofis yana neman haƙƙinsa zai fahimci nauyin wannan shawara.

'Yan Ƙadiriyya na lissafa shi cikin waɗanda suka kawo ɗariƙar ƙasar Hausa, kuma malaman jihadin Shehu ɗan Fodiyo sun kafa hujja da rubuce-rubucensa bayan shekara ɗari uku. Aikin Hukumar Hisba da Jihar Kano ta kafa a 2003 tsohon aiki ne da malamai irinsa suka ɗora wa hukuma.

Ya zauna Katsina, ya wuce Gawo wajen Askiya Muhammadu, sannan ya koma Tuwat da ya ji an kashe ɗansa. Can ya rasu wajen 1504. Zuriyarsa tana nan a unguwar Sharifai. Allah Ya jiƙansa, amin.