Alick Isaacs: Likitan da ya gano intaferon, bai ga amfaninsa ba

An haifi Alick Isaacs a birnin Gilasgo na Sikotilan a shekarar 1921. Ya kammala karatun likita a jami'ar birnin a 1944, sannan ya karkata ga binciken ƙwayoyin bairas. Ya ƙaro ilimi a Ostireliya a hannun Macfarlane Burnet, ya dawo Landan ya shugabanci Cibiyar Binciken Mura ta Duniya.

A 1957, shi da Jean Lindenmann ɗan Suwizalan suka zuba bairas ɗin mura da aka kashe wa kaifi da zafi a kan tantanin ƙwan kaza. Sai tantanin ya fitar da wani sinadari wanda, in aka sa shi ga sabon tantani, yake hana bairas mai rai yaɗuwa. Suka raɗa masa suna intaferon, wato mai katsalandan.

Shekarun da suka biyo baya ba su yi wa Isaacs daɗi ba. Sinadarin kaɗan ne ƙwarai, tace shi kuma ya faskara, har wasu masana suka yi shakkar samuwarsa. Lafiyarsa ta taɓarɓare, ya rasu a Janairun 1967 sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 45.

Sai a 1980 aka iya sarrafa intaferon ta fasahar ƙwayoyin gado. A 1986 Amurka ta amince da shi a matsayin maganin wani nau'in sankarar jini, likitoci kuma suka riƙa ba masu nau'in CML, kafin zuwan imatinib a 2001.

Yadda yake aiki ya bayyana ne a farkon shekarun 1990, ta binciken Darnell da Stark da Kerr. Intaferon yana maƙalewa a bangon ƙwayar halitta, sinadaran JAK su tayar da furotin STAT, waɗannan kuma su kutsa cikin cibiyar ƙwayar su kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado. Daga nan ƙwayar sankara ta rage hayayyafa, garkuwar jiki kuma ta fi gane ta.

Ga ma'aikacin da ke sammako daga Nyanya zuwa ofishin da ake tsara kasafin kuɗin bincike, lissafin a fili yake: shekara 29 aka yi tsakanin gwajin ƙwan kaza da maganin, kuma mai binciken ya riga ya shekara 19 a kabari.