James Joule: Ɗan kasuwar da ya auna zafi har masana suka sallama

Duk wanda ya sayi wutar lantarki ya loda wa mita, da ma'aunin James Prescott Joule yake ciniki, domin yunit ɗaya na wuta daidai yake da jul miliyan 3.6. Amma mai wannan suna ya shafe shekaru yana kawo hujja, manyan masana suna kau da kai.

An haife shi ranar 24 ga Disamba, 1818 a Salford, kusa da Manchesta a Ingila. Mahaifinsa attajiri ne mai masana'antar giya. Joule bai shiga jami'a ba. A gida aka karantar da shi, daga baya ya ɗauki darasi a wurin John Dalton, shahararren masanin sinadarai. Da ya girma ya kama kula da sana'ar gidansu, bincike kuwa sai in ya samu sarari.

A wancan zamani, galibin masana sun tafi a kan cewa zafi wani abu ne mai gudana kamar ruwa, marar nauyi, wanda ba a ƙirƙirarsa, sai dai ya tashi daga abu mai zafi ya koma mai sanyi. A 1840 Joule ya auna zafin da waya ke fitarwa idan lantarki na bi ta cikinta, ya gano cewa in aka ninka lantarkin sau biyu, zafin yakan ninku sau huɗu. A kan wannan ƙa'ida dutsen guga da butar lantarki suke aiki. Tambayar da ta tsaya masa a rai ita ce: in zafi ba ya ƙirƙiruwa, daga ina wannan yake fitowa?

A 1843, a wani taron masana a birnin Cork na Ailan, ya bayyana cewa aiki ne ke rikiɗa ya zama zafi, kuma bisa ƙayyadadden gwargwado. Ba wanda ya tanka masa.

Sai ya koma ga gwajin da ya fitar da sunansa. Ya zuba ruwa a tukunyar jan ƙarfe, ya saka maburgi a ciki, ya ɗaura masa igiya mai ɗauke da nauyi. Nauyin na sauka, maburgin na juyawa, ruwan na ɗan ɗumama. Ƙarin ɗumin bai taka kara ya karya ba, shi ya sa da yawa suka yi shakkar ma'aunansa. Amma lissafin ya tsaya daram. A ma'aunin yau, faɗowar kilo ɗaya daga tsayin mita 427 ita ke ƙara wa lita ɗaya ta ruwa digiri ɗaya na Salshiyos.

A taron Oxford na 1847 wani matashin farfesa, William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, ya saurare shi da kyau. A 1850 ƙungiyar Royal Society ta buga sakamakonsa, ta kuma karɓe shi a matsayin mamba. Daga 1852 shi da Thomson suka nuna cewa iska takan yi sanyi idan ta kuɓuce daga matsi ta ƙaramar kafa, ilimin da masu ƙera firij ke amfani da shi. Aikinsa ya zama ginshiƙin dokar da ta tabbatar da cewa makamashi ba ya ɓacewa, kama kawai yake sauyawa.

Ƙarshen rayuwarsa bai zo da sauƙi ba. Matarsa Amelia ta mutu a 1854, dukiyarsa ta yi ta raguwa, har a 1878 gwamnati ta yanka masa fanshon fam 200 a shekara. Ya mutu ranar 11 ga Oktoba, 1889 a garin Sale. A kan dutsen kabarinsa an zana lamba 772.55, adadin da awonsa na ƙarshe ya bayar a ma'aunin Ingila na lokacin.