Hirobumi Daimatsu: Sojan da ya tsira daga dajin Bama, ya kai 'yan matan masaƙa ga zinaren Olamfik

A daren Juma'a, 23 ga Oktoba, 1964, titunan birnin Tokiyo sun yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Jama'a sun taru a gaban akwatunan talabijin suna kallon 'yan mata shida, ma'aikatan wata masaƙa, sun tsaya gaba da gaba da 'yan wasan ƙwallon raga na Tarayyar Sobiyat a zauren wasanni na Komazawa. Ƙididdigar masu auna yawan 'yan kallo ta nuna kashi 66.8 cikin ɗari na gidajen yankin Tokiyo wasan suke kallo, kuma har yau babu wani wasan motsa jiki da ya kamo wannan adadi a Japan. A gefen fili akwai wani mutum ɗan shekara 43 a zaune, fuska a murtuke, wanda ko da aka tashi wasa bai yi tsalle ba. Sunansa Hirobumi Daimatsu, amma 'yan ƙasarsa sun fi saninsa da laƙabin Oni, wato wani dodo mai ƙaho na tatsuniyoyinsu.

An haife shi ranar 12 ga Fabrairu, 1921, a garin Utazu da ke lardin Kagawa, a tsibirin Shikoku. Ya yi makarantar koyon kasuwanci a Sakaide, daga nan ya wuce Kwansei Gakuin, inda ya yi suna a ƙwallon raga irin wadda ake bugawa a Japan a lokacin, mai 'yan wasa tara a kowane ɓangare. A 1941 ya kama aiki da kamfanin kaɗi da saƙa na Dai Nippon Boseki, wanda ake taƙaita sunansa da Nichibo. Bai daɗe a kujerar ba aka kira shi aikin soja.

Wannan yaƙi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shi ne yaƙin Bama da dattawa suka riƙa ba da labarinsa, wanda Turawan mulkin mallaka suka kwashi samari daga lardunan Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya da sauran sassan Arewa, suka zuba su cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka tsallaka da su teku don su yaƙi Japanawa a kwarin Kaladan da gaɓar Arakan. Daimatsu yana ɗaya ɓangaren. Bayan ya yi aiki a ƙasar Sin, sai aka tura shi runduna ta 31, wadda ta shiga farmakin da Janar Renya Mutaguchi ya ƙaddamar a watan Maris na 1944 don kutsawa Indiya ta Imphal da Kohima. An tsara farmakin ne bisa zaton cewa sojoji za su ci daga abincin da za su ƙwace a hannun abokan gaba. Abincin bai samu ba, damina ta sauka, zazzaɓi da atini suka shiga sansani. Kwamandan runduna ta 31, Janar Kotoku Sato, ya bijire wa umarni ya janye mutanensa, abin da ba a saba gani ba a sojan Japan. Dubun-dubatar sojoji suka halaka, da yawansu ba da harsashi ba, har Japanawa suka raɗa wa hanyar da aka bi wajen komawa suna hanyar fararen ƙasusuwa. Daimatsu, ƙaramin hafsa, ya bi wannan hanya da ƙafa ya fita da rai, sannan ya zauna a tsare a hannun sojojin Ingila kafin a mayar da shi gida.

Abin da ya ɗauko daga wannan daji shi ne ya zama aƙidarsa har mutuwa: cewa jikin ɗan Adam yana iya ɗaukar abin da hankali ba zai yarda ba, muddin zuciya ba ta karaya ba, kuma wanda ya zauna ya huta a hanya shi ne ba ya tashi. Abin mamaki shi ne irin wannan tunani ne ya jefa rundunarsa cikin halaka tun farko, domin Mutaguchi ma ya ɗauka ƙarfin zuciya zai maye gurbin shinkafa da magani.

Da ya koma Nichibo, masana'antar saƙa ce ƙashin bayan farfaɗowar Japan, kuma 'yan mata ne ke riƙe da ita. Wakilan kamfanoni kan shiga ƙauyukan manoma, irin masu cunkoson gonaki da gidaje kamar na ƙasar Ɗanbatta, inda fili ya yi wa iyali kaɗan, su ɗebo yara mata 'yan shekara 15 da suka gama ƙaramar sakandare. A cikin harabar masaƙa suke kwana, a nan suke ci, kamfani ne uwa kamfani ne uba, har zuwa lokacin da za su koma gida a yi musu aure. Masu masaƙu sun gano cewa ƙwallon raga ba ta buƙatar komai sai raga ɗaya da ƙwallo ɗaya da ɗan fili, tana ɗebe wa yara kewa, tana tallata sunan kamfani, kuma tana shagaltar da su daga sauraren 'yan ƙwadago. Tsoron ba na banza ba ne. A 1954 ma'aikatan kamfanin siliki na Omi Kenshi suka yi yajin aiki na fiye da kwana ɗari, kuma cikin buƙatunsu har da a daina buɗe musu wasiƙu, a daina tilasta musu ibada, a bar su su yi aure lokacin da suka ga dama.

A daidai wannan lokaci ne, ƙarshen 1953, Nichibo ya yanke shawarar tattara gwanayen 'yan wasansa a masaƙar Kaizuka da ke kudu da Osaka, ya danƙa su a hannun Daimatsu. Cikin waɗanda aka kawo akwai Masae Kasai, doguwar yarinya daga lardin Yamanashi, wadda ta zama kyaftin. A 1955 suka ci kofin ƙasa na farko, a 1958 suka haɗa dukkan manyan kofunan cikin gida a shekara guda. Da gida ya yi musu kaɗan, sai Daimatsu ya juya ga wasan 'yan shida, wanda shi duniya ke bugawa, inda raga ta fi tsawo kuma kowane ɗan wasa dole ya zagaya ya tsaya a kowane gurbi.

A nan matsalar tsawo ta bayyana. Matan Sobiyat sun fi su tsayi da ƙarfin dukan ƙwallo, kuma babu horon da zai ƙara wa mutum ƙashi. Daimatsu ya yi lissafin cewa idan ba za a iya tare duka a saman raga ba, to sai a hana ƙwallo taɓa ƙasa. Daga kallon wata 'yar tsana ta Japanawa mai nauyin gindi, wadda duk yadda aka ture ta sai ta miƙe, ya ƙirƙiro dabarar da 'yar wasa za ta yi sufa ta tallafo ƙwallo da hannu ɗaya, ta mirgina ta kan kafaɗa, ta tashi tsaye a shirye cikin ƙiftawar ido. Ya haɗa da wani bugun buɗe wasa da ƙwallo ba ta juyawa a iska, sai ta yi ta lilo ta faɗo ba zato kamar busasshen ganye. Yau duk mai koyon ƙwallon raga a duniya yana cin gajiyar waɗannan dabaru, ko bai taɓa jin sunan mai su ba.

Sai dai yadda aka koye su shi ne abin da har yanzu ake jayayya a kai. 'Yan wasan kan fara aikin kamfani da ƙarfe takwas na safe, su shiga fili da la'asar, ba su fita sai tsakar dare, wani lokaci har ƙarfe biyu ko uku. Daimatsu kan tsaya da kwandon ƙwallaye yana jifan yarinya ɗaya dama da hagu, tana faɗuwa tana tashi, har sai ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta, sannan ya ci gaba da jifa. Kafaɗu da ƙugu suka yi baƙi da tabo. Ciwo ba uzuri ba ne, al'adar mata ma ba uzuri ba ce. Masu suka a ciki da wajen kamfanin sun kira shi maƙiyin mata. Wata mai shirya fim, Nobuko Shibuya, ta ɗauki horon a wani gajeren fim da ya ci babbar kyauta a bikin Cannes na Faransa a 1964, kuma wanda ya kalle shi a yau zai ji tsigar jikinsa ta tashi.

Su kuwa 'yan wasan, har tsufansu ba su yarda an kira su waɗanda aka zalunta ba. Sun dage cewa da son ransu suka zauna, cewa shi ma ba ya barci sai sun yi, cewa Kasai ta fi shi tsanani a cikin fili. Ba daidai ba ne a yi watsi da shaidarsu, domin su suka san abin da suka ji. Amma ba daidai ba ne kuma a manta cewa yarinyar da albashinta da makwancinta da mutuncin iyayenta duk suke hannun kamfani ɗaya, faɗin a'a ba ƙaramin abu ba ne a gare ta.

Sakamako dai ya zo. A 1960 suka zo na biyu a gasar duniya a Birazil, bayan Sobiyat. A 1961 suka zagaya Turai ba a ci su ko sau ɗaya ba, jaridu suka sa musu suna Mayun Gabas, kuma kamar yadda Bahaushe kan kira gwanin da ya gagara maye, sunan yabo ne da ɗan tsoro a ciki. A Oktoban 1962 suka doke Sobiyat a Mosko, a gaban jama'arta, suka ɗauki kofin duniya. A ƙa'idar wancan zamani dukkansu ba 'yan wasan kuɗi ba ne: waɗannan ma'aikatan kamfani, waɗancan ma'aikatan gwamnati, kowa ya san gaskiyar lamarin, kowa ya kau da kai.

Bayan Mosko, Daimatsu da yawancin 'yan wasan sun so su ajiye. Kasai tana dab da shekara 30 a ƙasar da ake ganin mace ta makara idan ta wuce 25 ba aure. Amma an riga an sa ƙwallon raga ta mata cikin wasannin Olamfik da Tokiyo za ta karɓi baƙunci, kuma gwamnatin Hayato Ikeda, mai alkawarin ninka kuɗin shigar jama'a cikin shekara goma, tana son nuna wa duniya cewa Japan ta tashi daga toka. Dubban wasiƙu suka yi ta kwarara Kaizuka, wasu na roƙo, wasu na zargin cin amanar ƙasa. Suka ƙara shekara biyu.

Ƙasashe shida kaɗai suka shiga gasar, kuma saura ƙiris ta rushe da Koriya ta Arewa ta janye, sai da aka nemo Koriya ta Kudu ta cike gurbi. Goma daga cikin 'yan wasan Japan 12 daga Nichibo suke. Turmi ɗaya tak aka ci su a duk gasar, a hannun Polan. A ranar wasan ƙarshe, 'yan sa'o'i kafin a fara, Anton Geesink na ƙasar Holan ya danne Akio Kaminaga a kokawar judo, wasan da Japanawa ke ɗauka gadon gidansu, saboda haka nauyin ƙasa gaba ɗaya ya koma kan Kasai da Emiko Miyamoto da Kinuko Tanida da Yuriko Handa da Yoshiko Matsumura da Sata Isobe. Suka ci turmin farko 15 da 11, na biyu 15 da 8. A na uku Sobiyat ta taso daga nesa har ta matso 14 da 13, sannan hannun wata 'yar wasanta ya tsallaka raga, alƙali ya busa. A wannan gasa ta Tokiyo ce kuma ɗan dambe Nojim Maiyegun ya ciyo wa Najeriya lambarta ta farko a tarihin Olamfik, ta tagulla.

Daimatsu ya bar Nichibo a farkon 1965 bayan ƙungiyarsa ta ci wasa 175 a jere, jerin da ya ci gaba a bayansa har ya kai 258 kafin Yashica ta karya shi a 1966. Ya ɗauki nema wa 'yan wasansa mazaje a matsayin bashin da ke wuyansa, kuma Firaminista Eisaku Sato da kansa ya shiga tsakani a auren Kasai da wani hafsan soja. A shekarar ce Firimiya Zhou Enlai ya gayyace shi ya horar da 'yan wasan ƙasar Sin, shekara bakwai kafin ƙasashen biyu su ƙulla huldar jakadanci, wato tsohon sojan mamaya ya koma ƙasar da ya taɓa shiga da bindiga, wannan karo da kwandon ƙwallaye. Matan Sin sun ɗauki kofin duniya a 1981, a Japan, bayan sun doke Japan.

Littafin da ya rubuta kan salon jagorancinsa ya yi kasuwa ƙwarai, har aka mayar da shi fim, manajojin kamfanoni suka riƙe shi kamar allon karatu wajen neman ma'aikata su ƙara sa'o'i ba tare da ƙorafi ba. Jam'iyya mai mulki ta LDP ta ga ƙuri'u a jikinsa, ta tsayar da shi takarar majalisar dattawa a 1968, zaɓen da ya shahara da shigowar taurari, ciki har da marubuci Shintaro Ishihara. Ya ci. Amma majalisa ba fili ba ce da ake jifan mutum da ƙwallo har ya bi umarni, kuma shekaru shidan da ya yi a can ba su bar wani abin da ake tunawa da shi ba. A 1974 ya sake tsayawa ya faɗi.

Shekarunsa na ƙarshe ya yi su ne yana yawo gari gari yana koyar da ƙungiyoyin matan aure, waɗanda suka yaɗu a Japan sakamakon nasarar 1964. A irin wannan tafiya ce ciwon zuciya ya kama shi a garin Ibara na lardin Okayama, ya mutu ranar 24 ga Nuwamba, 1978, yana da shekara 57.

Masana'antar da ta haife shi ma ba ta daɗe da ƙarfinta ba. Tun a shekarun 1960 manyan masaƙun Japan suka fara kai jarinsu ƙetare, kuma haɗin gwiwarsu ne ya kafa Arewa Textiles a Kakuri ta Kaduna, unguwar da ita ma ta san ƙungiyar wasa ta masaƙa, irin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta UNTL, ta kuma san yadda fili kan mutu idan injin ya tsaya. Nichibo ya haɗe da Nippon Rayon a 1969 ya koma Unitika. A shekarar 2000 aka sanya sunan Daimatsu a zauren tunawa da gwarazan ƙwallon raga da ke Holyoke a Amurka, garin da aka ƙirƙiri wasan a 1895. A wannan shekarar ce Unitika, saboda matsin tattalin arziki, ya rufe ƙungiyar, 'yan wasanta suka koma kamfanin Toray.