David Hume da Tambayar Wanne Ya Riga

An haifi David Hume a Edinbara, babban birnin Skotlan, cikin shekara ta 1711. Ubansa ya rasu yana ɗan shekara 2, uwarsa ce ta rene shi. Danginsa sun so ya zama lauya, shi kuwa hankalinsa yana kan littattafan hikima. Cikin 1734 ya haye Faransa, ya shekara 3 yana rubutu. Littafinsa na fari ya fito cikin 1739, amma mutane ba su kula da shi ba.

Tambayar da ta dame shi ita ce, ƙaƙa muke sanin wannan ne ya jawo wancan? A ganinsa ido ba ya ganin igiyar da ta ɗaure su. Iyakar abin da muke gani, ɗaya yana gaba, ɗaya yana biye, kullum haka har muka saba. Saboda haka ya kafa sharaɗi, lalle sanadi ya riga abin da ya haifa.

Cikin 1745 aka hana shi aikin koyarwa a jami'ar garinsu, don ana tuhumar bangaskiyarsa. Tarihin Ingila da ya rubuta shi ya ba shi suna da wadata. Ya rasu cikin 1776.

Ban bi shi ga shakkarsa kan addini ba, amma ya koya mini abu guda. Lokacin gwajin koyarwa na yi wa wani yaro bulala, ina tsammani fashin makaranta ya sa yake faɗuwa a lissafi. Da na duba rajista, ashe faɗuwar ce ta fara, kunya ta kore shi. To, 'yan'uwa, kafin mu ɗauki bulala, mu bincika wanne ya riga.